Jinyar Hannu A Gida Bayan Likita Ya Kwance Jijiyar Wuyan Hannu

Akwai wani ciwon hannu da ke damun manoma da matan manoma, wanda galibi ba a ɗaukarsa ciwo sai ya yi nisa. Mutum ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare sai ya farka ya ji hannunsa ya sage, yatsu suna zugi kamar ana tsira masu allura. Ya tashi zaune ya yi ta yarfa hannun har ya saki, ya koma barci. Gobe ma haka. Bayan 'yan watanni sai abin ya fara bin sa har da rana. Yana riƙe da ƙoƙon fura ya ga ya suɓuce, ya zo sa maɓallin riga ya kasa, mace ta ɗauki allura ba ta ji ta a yatsunta ba. A ƙasar Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, inda mutum ya kan fita daga noman damina ya faɗa yankan shinkafa, ya fita daga yankan shinkafa ya faɗa dashen albasa, ba a rasa masu wannan ciwo. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce kwanciya bisa hannu ce. Gaskiyar magana jijiya ce ta maƙure a wuyan hannu, likita kuwa yana iya kwance ta da ɗan ƙaramin aiki.

Aikin kansa ba shi da wuya. Jinyar da ke biye da shi a gida ita ce mutane su kan ɓata. Fatar ta kan haɗe cikin mako 2, mai hannu ya duba ya ga ba rauni, ya zaci ya warke, ya koma gona. Alhali kuwa cikin tafin hannun bai isa riƙon ƙotar hauya ba sai bayan wata 2, wani ma sai 3.

Inda ciwon ya ke

A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8 da suka jeru suka yi lanƙwasa kamar indararo. A bakin indararon nan, ta wajen tafin hannu, akwai wani tantani mai tauri da ya rufe shi kamar ɗamara. Ta cikin wannan 'yar kafa igiyoyin nama 9 su ke bi, su ne masu lanƙwasa yatsu. Tare da su kuma akwai jijiya guda ɗaya mai kai ji zuwa babban yatsa, da manuni, da yatsan tsakiya, da rabin wanda ke kusa da ƙaramin yatsa. Likitoci suna kiran kafar nan da Turanci kafal tanel. To, ƙashi ba ya buɗawa, ɗamarar kuma ba ta miƙewa. Saboda haka in wani abu ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan matsi, don ita ce mai taushi a cikinsu.

Abubuwan da ke jawo shi suna da dama. Akwai aikin da a ke damƙe abu da ƙarfi a yi ta maimaitawa wuni guda, kamar noma da hauya ko kalme, da yankan shinkafa da lauje, da daka, da tuƙin tuwo, da matsar man gyaɗa, da tatsar nono. Akwai riƙon abu mai karkarwa, kamar injin niƙa ko kan babur ga 'yan kabu-kabu. Akwai ciwon sukari, da ƙiba, da ciwon gaɓoɓi, da tsohuwar karaya a wuyan hannu. Ya fi kama mata bisa ga maza. Mace mai ciki ta kan same shi a watannin ƙarshe, amma nata ya kan tafi da kansa bayan haihuwa, ba a gaggawar yi mata aiki.

Wani likitan Ingila, James Paget, ya ba da labarin irin wannan matsi tun 1854, a jikin mutumin da ya taɓa karyewa a wuyan hannu. Amma sai daga 1950, sa'ad da wani likitan Amurka, George Phalen, ya shiga rubutu a kansa, likitoci suka gane yawansa. Har yanzu ana amfani da gwajinsa, kowa kuwa yana iya yi a zaure. Mutum ya lanƙwasa wuyan hannuwansa, ya haɗa bayan hannu da bayan hannu a gaban ƙirjinsa, yatsu suna duban ƙasa, ya tsaya haka minti 1. In yatsun nan suka sage, akwai alama.

Amma fa ba kowace sagewa ce wannan ciwo ba. A lura da ƙaramin yatsa, don shi jijiyarsa dabam ce, ba ta bi ta kafar nan ba. In shi ne ya mutu, balle in akwai wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, to, a je a duba kuturta. Maganinta kyauta ne, tana kuwa warkewa, asibitin Amanawa kusa da Sakkwato ya daɗe da sanin aikinta. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti za a nufa a wannan sa'a. Masu ɗori na Aliero sun yi suna a kan karaya da targaɗe, amma wannan ba ciwon ƙashi ba ne, ba abin da za a ɗora. Tsaga da ƙaho kuma ba su isa wurin ba, wuyan hannu ma ba wurin sa aska ba ne, gama jijiyoyi suna kusa da fata ƙwarai.

Aikin likita

In ciwon bai yi nisa ba, likita ya kan fara ba da wani maɗauri da a ke sawa da dare don kada hannu ya lanƙwashe cikin barci, ko ya yi allura a wurin. In ba a dace ba, sai aiki. Likitocin ƙashi su ne masu yinsa, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin ƙashi na Wamakko, da na Dala a Kano. Galibi ba a sa mutum barci. Allurar kashe zafi a ke yi a tafin hannu, a tsaga wajen inci 1 ko 2, a yanke ɗamarar nan, jijiya ta sami sarari, a ɗinke fata. Duka bai cika wuce minti 20 ba, mutum kuma ya kan koma gida ran nan.

Ga abin da ya kamata mai jinya ya riƙe. Fata kaɗai a ke ɗinkewa. Ɗamarar da aka yanke barinta a ke yi a buɗe, sabon nama ya cike tsakani a hankali, ta haɗe da faɗin da ya fi na da. Wannan cikewa ita ce ke cin makonni, ido kuwa ba ya ganinta.

Kwana 3 na farko

Tun kafin a shiga ɗakin aiki a cire zobe da awarwaro da agogo, don hannu zai kumbura. A tafi da ɗan rakiya. Kada mutum ya ce zai tuƙo babur da kansa daga Sakkwato zuwa Dogon Daji da hannun da allura ta kashe. A mota kuma ya nemi wurin da ba za a danne masa hannu ba, ya ɗora shi bisa ƙirjinsa.

A gida abu biyu ne aikinsa. Na fari, ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji. In yana zaune ya dafa kafaɗarsa ta ɗaya gefen, in ya kwanta ya ɗora hannun bisa matashi ko naɗaɗɗen bargo. Hannun da aka bari yana reto ya kan cika ya yi ta bugawa kamar ganga. Na biyu, ya riƙa motsa yatsu tun ran farko. Ya miƙe su sarai, ya dunƙule a hankali, ya taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, kamar sau 10, ya maimaita kowace awa in yana farke. Ya motsa gwiwar hannu da kafaɗa kuma. Mutane da yawa suna tsoron wannan, suna zaton ɗinki zai ɓalle. Ba zai ɓalle ba. Rashin motsin shi ne abin tsoro, domin igiyoyin nan 9 su kan manne da sabon nama, yatsu su ƙage, kwance su kuwa ya fi aikin farko wuya.

Zafin ba ya kai yadda a ke zato. Farasitamol ya kan isa, babban mutum ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada ya wuce sau 4 a kwana guda. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya sayi waɗansu ƙwayoyin kashe zafi a kasuwa sai ya tambayi likita. Da yawa su kan yi mamaki, don tun daren farko ko na biyu zugin da ya hana su barci shekara da shekaru ya kan ɗauke.

Har a cire zare

Babban naɗin da aka yi a asibiti akan rage shi bayan kwana 2 ko 3, a bar ɗan ƙarami, gwargwadon yadda likitan da ya yi aiki ya ce. Zare kuwa akan cire shi tsakanin kwana 10 da 14. Ba lalle ne a koma Sakkwato don wannan kaɗai ba. In likita ya yarda ya ba da takarda, ma'aikatan asibitin Dogon Daji ko na Tambuwal ko na Kebbe suna iya wanke rauni su cire zare. A tambaya tun kafin a baro can, don a huta da kuɗin mota.

Cikin kwanakin nan doka ɗaya ce, rauni ya zauna a bushe, da tsabta. In za a yi wanka a sa hannu cikin leda mai kyau, a ɗaure bakinta, a ɗaga sama, da an gama a cire, don gumi ma jiƙawa ne. Game da alwala, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa bisa abin da aka ɗaure rauni da shi, da taimama in ta kama. Mai jinya ya tambayi limaminsa tun da wuri, kada kunya ta sa ya riƙa kwance bandeji sau 5 a yini yana zuba ruwa. In hannun dama ne aka yi wa aiki, ya ci tuwo da cokali, kada miya ta shiga naɗin. In na hagu ne, ya yi dabarar tsarki yadda ruwan bayan gida ba zai kusanci raunin ba ko kaɗan.

A nan ne gidan manomi ya fi gidan akawu hatsari. Ga turken awaki, ga garken shanu, ga tarin takin da za a kai gona. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar ciwon nan ta ke zaune, mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanas. Wanda bai san rabonsa da allurar riga-kafinsa ba ya gaya wa likita tun kafin aiki. Kada mai jinya ya share turke, kada ya ɗebi taki, kada ya tsoma hannu a kududdufi ko ruwan fadama, kada ya taɓa maganin feshi. Masu zuwa dubiya kuma kowa da nasa magani. Wannan ya ce toka, wannan ya ce bagaruwa, wani ya ce man juye, wani ya fasa kafso ya ce a barbaɗa. A yi masu godiya, kada a sa ko ɗaya. Raunin da likita ya yi da wuƙa mai tsabta ba ya bukatar kome sai a bar shi. Mata su dakata da ƙunshi a wannan hannu sai fata ta warke sarai.

Akwai kuma gaisuwa. Mutumin kirki ba ya son a miƙo masa hannu ya ƙi karɓa, amma matsar mutum 20 a yini ba ƙaramin aiki ba ne ga tafin da aka tsaga. Ya ɗaga hannun ya nuna bandeji, ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da zai iya ɗauka a makonnin nan bai wuce nauyin kofin shayi ba. Buta cike da ruwa ma ya ɗauka da ɗaya hannun. In zai tashi daga tabarma ko daga sujada, ya dogara da hannu mai lafiya. Mai ciwon sukari ya tsare maganinsa da abincinsa, don sukari in ya hau rauni ba ya haɗewa da wuri. Mai shan taba ya daure ya bari. Wake da ƙwai da kifi da nono da zogale duk suna taimakon nama ya tsiro.

Alamun da ba a kwana da su su ne: ja yana yaɗuwa daga bakin raunin, ko zafi yana ƙaruwa bayan kwana 3 maimakon raguwa, ko mugunya da wari, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsu su yi fari fat ko shuɗi-shuɗi su yi sanyi. Na ƙarshen nan sau da yawa naɗi ne ya yi tsanani, a sassauta shi nan take, sa'an nan a tafi asibiti.

Bayan zare

Wannan shi ne lokacin da a ke yin ɓarna. An cire zare, ana iya wanke hannu, barci ya dawo, mutum ya ga ciyawa tana cin gonarsa. Sai ya ce bari ya ɗan taɓa kunya ɗaya.

Ƙotar hauya kuwa daidai kan wurin da aka yanka ta ke zama. Duk sara ɗaya, gindin tafin hannu ne ke karɓar dukan. Haka taɓarya, haka muciya, haka igiyar guga, haka igiyar tada injin ban ruwa. Wanda ya yi gaggawa ya kan sami ɗayan uku: bakin raunin ya buɗe, ko hannu ya kumbura ya koma baya da mako 2 ko 3, ko tabon ya yi kauri ya daɗe yana ciwo. Mafi muni shi ne wanda zai sha taramol don ya danne zafi ya yi noma. Zafin nan shi ne mai gaya masa ya tsaya. In ya toshe bakinsa, ba abin da zai hana shi yi wa kansa lahani, ga kuma bala'in sabo da ƙwayar.

Ga yadda likitoci su kan ƙiyasta, ko da ya ke jiki ya bambanta, maganar likitan da ya yi aikin kuma ita ce gaba. Akawu da malamin makaranta da mai jiran kanti suna iya komawa aiki bayan mako 1 ko 2, su riƙa hutawa in alƙalami ko kwamfuta ta gajiyar da hannu. Ɗan kasuwa ya zauna a rumfarsa ya yi ciniki ya ƙirga kuɗi, amma ɗaga buhu da ɗinke bakinsa da basilla ya bar wa yara. Daga mako 2 zuwa 4 sai ƙananan ayyuka, kamar tsinkar zogale, da zaɓen iri, da ba kaji hatsi, da zagaya gona a ga abin da 'yan ƙwadago su ke yi. Daga mako 4 zuwa 6 a ƙara kaɗan kaɗan. Babur sai ran da mutum ya iya matse birki ko kuloci da ƙarfi ba tare da ya ji zafi ba, wannan kuwa bai cika samuwa kafin wata guda ba. Hauya da gatari da taɓarya da guga sai bayan mako 6 zuwa 8, a fara da rabin awa da safe, a ga yadda hannu zai kwana. In ya kwana lafiya a ƙara, in ya kumbura a koma baya. A tuna jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, buhun takin zamani kilo 50. Waɗannan su ne na ƙarshen komawa.

Matan gida sun fi shiga wuya a nan, don gona tana da lokacin hutu, turmi ba shi da shi. In uwargida ce aka yi wa aiki, wajibi ne maigida ya shirya tun kafin a tafi: wa zai yi daka, wa zai ja ruwa, wa zai tuƙa tuwo, wa zai yi wanki ya matse, har wata 2. Kuɗin kai hatsi inji na wata 2 bai kai kuɗin komawa asibiti ba. Goyo ma a taimaka mata wajen ɗagawa da ɗaurawa.

Da zarar rauni ya rufe sarai, ba ɓawo ba ruwa, sai a fara murza tabon. A lakaci man kaɗanya, a sa babban yatsan ɗaya hannun, a riƙa dannawa ana kewayawa kamar minti 5, sau 2 ko 3 a yini. Wannan ya kan sa tabo ya yi laushi, ya rage jin tsikari, ya kuma hana kaushin hunturu tsaga wurin. Gindin tafin hannu, dama da hagun tabon, ya kan yi ciwo in an dafa ƙasa. Wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Ya kan kai wata 3, wani har 6, sa'an nan ya tafi. Ƙarfin damƙa ma ya kan ragu da fari, ya komo wajen wata 3. Ana iya taimakonsa da matsa dunƙulen tsumma ko ƙwallon roba, amma sai bayan wata guda.

Sagewar yatsu ita ce ba ta da alkawari. Wanda ya zo da wuri, tasa ta kan tafi cikin kwanaki ko makonni. Wanda ya yi shekaru yana fama har jijiyar ta lalace, sai ta sake tsirowa, tsiron jijiya kuwa bai wuce inci 1 a wata ba. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ya kai inci 6 ko 7, kowa ya yi lissafi. Muddin yatsu ba su ji sosai, a yi hankali da wuta. Da sanyi mutum ya kan kai hannu jin ɗumi, ko mace ta sauke tukunya, su ƙone ba su sani ba. Saboda wannan dalili ne ba a so a yi wa hannun gashi da ruwan zafi. Lauje da wuƙa ma haka, a riƙa duba yatsu da ido kowane maraice.

Zaɓen lokaci

Tun da ya ke ba aikin gaggawa ba ne ga yawancin mutane, manomi yana da damar da zai zauna da likita su zaɓi wata. Abin da zai yi shi ne ya dubi ran da zai bukaci hannunsa, ya ƙirgo wata 3 baya.

Mai noman damina kaɗai, gero da dawa da wake da gyaɗa, nasa da sauƙi. A wannan yanki shuka ta kan kama a Yuni, noman fari da maimai su cinye Yuli da Agusta, girbin gero a Satumba, dawa wajen Nuwamba. Da an kai amfani rumbu, sai ya tafi. A ce an yi masa aiki a makon farko na Disamba. Kafin watan ya ƙare an cire zare. Janairu ya yi ta murza tabo yana ƙananan ayyuka. A Fabrairu ya fara gwada hauya. Kafin sharar gona da kai taki a Afrilu hannu ya komo. Ga shi lokacin akwai kuɗin kaka a hannu, ba gumi, ba laka. Ƙura ce kaɗai abin tsaro, a rufe rauni da kyau.

Mai noman rani shi ne abin ya yi wa tsauri, irin masu albasa da tumatir da barkono da shinkafar rani a fadamun Gulbin Zamfara wajen Kebbe. Watannin da wancan ke hutawa su ne shi ya ke dashe da ban ruwa, hannunsa kullum a cikin laka. Nasa sarari ɗan kaɗan ne, daga cire albasa wajen Maris zuwa faɗuwar ruwa. In ya yi aiki da zarar ya kwashe, zai sami wata 2 ko fiye kafin noman fari, sai dai ya yi fama da zafin bazara, ya riƙa sauya bandeji in gumi ya jiƙa shi. Shuka da sungumi kuwa ya bar wa yara a wannan shekara. In bai sami wannan sarari ba, to, sai ya zaɓi gonar da zai sallama wa wani na shekara guda, ko ya sa kuɗin ƙwadago cikin lissafin kuɗin asibiti tun farko. Inda gayya ba ta mutu ba, wannan shi ne irin ranarta. Mafi munin lokaci ga kowa shi ne ƙarshen Mayu da Yuni, don ba manomin da zai ga ciyawa ta taso a gonarsa ya zauna ya bi doka.

Akwai wanda ba ya jiran kaka. Mutum ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya gwada tudun naman da ke gindin babban yatsa. In na hannu mai ciwo ya faɗa ya yi kwari, ko sagewar ta daina zuwa tana tafiya ta zauna dare da rana, to, jijiyar ta fara mutuwa. Wannan ya tafi ko da tsakiyar damina ce, don naman nan shi ne ke juyo da babban yatsa ya kama ƙota, in kuwa ya shanye ba kullum ya ke komowa ba, ko an yi aikin.

Sau da yawa ciwon ya kan kama hannu biyu. Waɗansu su kan roƙi likita ya yi duka rana ɗaya don a huta da zirga-zirga. Ga mutumin ƙauye wannan ba dabara ba ce, gama zai yi mako 2 ba ya iya tsarki ko ɗaura wando sai da taimako. A fara da wanda ya fi ciwo, in ya yi ƙarfi a yi ɗayan, ko da sai kaka ta zagayo. Kafin nan a riƙa sa wa na biyun maɗauri da dare, a naɗe ƙotar hauya da tsumma ko robar tayar keke don ta yi kauri ta rage duka. In kuwa an cika wata 3 da aiki zugin dare bai ragu ba, ko hannu ya yi ta kumburi yana ƙuna, yana sheƙi, ba ya son ko riga ta taɓa shi, sai a koma wurin likitan da ya yi aikin, a tafi da katin asibiti da takardar sallama.